Rashin ɗumin hita a motar dizal

Rashin ɗumin hita a motar dizal matsala ce da hitar mota ke hura iska mai sanyi, ko mai ɗumi kaɗan, alhali an murɗa ta har ƙarshe. Hitar yawancin motoci ba ta da wutar kanta. Zafin da take bayarwa tana samunsa ne daga ruwan sanyaya inji, wanda direbobi da makanikai suka fi sani da ruwan lagireto. Saboda haka idan hita ta daina ɗumi, sau da yawa alama ce ta farko cewa ruwan ba ya zagayawa yadda ya kamata. Matsalar ta fi damun masu mota a wurare masu tsananin sanyi kamar arewacin Turai, Rasha da Kanada, inda rashin hita ke hana gilashin gaba washewa daga raɓa da ƙanƙara. Amma ko a ina ne, abin da ya hana ruwa isa ga hita yana iya sa injin ya ɗau zafi har ya ƙone gasket.

Yadda zafi ke isa cikin mota

Famfon ruwa ne ke tura ruwan ta cikin hanyoyin da ke jikin inji da kan silinda, inda yake kwasar zafi. Daga nan hanya ta rabu biyu. Ɗaya tana zuwa babban lagireto da ke gaban mota, ɗayar kuma tana bi ta tiyo zuwa wani ƙaramin lagireto da ke ɓoye a bayan dashbod, ruwan ya ratsa shi ya koma inji ta tiyo na biyu. Fankar hita tana hura iska ta jikin wannan ƙaramin lagireto, wani ƙyaure kuma yana gauraya iskar mai zafi da mai sanyi gwargwadon yadda direba ya saita.

Tamostat ne ke tsaron hanyar babban lagireto. A cikinsa akwai wani irin kaki da ke kumbura idan ya ji zafi, sai ya tura bawul ɗin ya buɗe, galibi tsakanin digiri 80 zuwa 92 a ma'aunin Salshiyos. Kafin a kai wannan zafi, ruwan yana zagaye ne tsakanin inji da hita kawai, domin inji ya yi saurin ɗumi. Murfin tankin ruwa kuma yana riƙe matsi na kusan ba 1 zuwa 1.5, abin da ke ɗaga zafin da ruwan zai tafasa zuwa kimanin digiri 120 ko sama da haka.

Dalilin jinkirin ɗumi a injin dizal

Injin dizal ya fi na fetur mayar da mai zuwa ƙarfin tafiya, don haka zafin da yake zubarwa cikin ruwa bai kai na fetur ba. Idan yana aiki a tsaye yakan ƙona mai ɗan kaɗan, yana kuma zuƙar iska mai yawa wadda ke ƙara sanyaya shi. Shi ya sa a lokacin sanyi motar dizal mai lafiya ma takan daɗe kafin hitarta ta yi zafi, kuma ɗumin yakan ragu idan ta tsaya a cunkoso. Barin ta a kunne a tsaye ba ya ɗumama ta da sauri kamar tuƙa ta a hankali.

Don rage wannan jinkiri, masu ƙera motoci sukan ƙara hitar taimako. Akwai ta lantarki da ake kira PTC, wadda ke ɗumama iskar kai tsaye, akwai kuma mai ƙona man dizal ta ɗumama ruwan, irin waɗanda kamfanonin Webasto da Eberspächer na Jamus ke yi. Idan hitar taimako ce ta lalace, motar takan daɗe tana hura sanyi da safe, amma da zarar inji ya yi zafi sai hita ta dawo daidai. Wannan ba matsalar zagayen ruwa ba ce.

Matakan bincike

Ana fara bincike da abu mafi sauƙi, kuma tambayoyi uku ne ke raba yawancin musabbaban.

Ta farko: ruwan ya isa? Ana duba tankin ruwa lokacin da inji yake a huce. Idan ruwan ya yi ƙasa, hita ce ke fara rasa shi, domin a motoci da yawa tana cikin wurare mafi tsayi a zagayen. Ruwan ba ya raguwa sosai haka kawai, don haka raguwarsa na nufin akwai inda yake yoyo.

Ta biyu: injin yana kaiwa zafinsa na aiki? A yawancin motoci wannan yana kusa da digiri 90. Allurar dashbod ba koyaushe take nuna ainihin zafin ba, domin a motoci da dama an tsara ta ta tsaya a tsakiya ko da zafin ya ɗan hau ko ya sauka. Ana samun adadi na gaskiya ta hanyar jona na'urar bincike a kafar OBD. Lambar kuskure P0128 tana nufin ruwan bai kai zafin da tamostat ya kamata ya riƙe ba.

Ta uku: yaya zafin tiyo biyu na hita yake? Bayan inji ya yi zafi, ana auna su a inda suka shiga bangon da ya raba inji da cikin mota, da ma'aunin zafi na nesa ko da taɓawa cikin hattara. Idan duka biyun suna da zafi amma iska na fitowa da sanyi, ruwa na zagayawa, matsalar tana ɓangaren iska. Idan ɗaya na da zafi ɗaya kuma sanyi, ruwa ba ya ratsa ƙaramin lagireton. Idan duka biyun ba su da zafi, ko dai inji bai ɗumama ba, ko ruwa ba ya isowa gaba ɗaya.

Musabbabai da alamominsu

Tamostat da ya maƙale a buɗe yana daga cikin musabbaban da aka fi samu. Allura takan sauka idan ana gudu a babbar hanya ko ana gangara, ta ɗan hau idan an tsaya. Idan aka tada inji da safe, babban tiyon sama na lagireto ya kamata ya zauna da sanyi har sai tamostat ya buɗe, sannan ya yi zafi nan take. Idan ya fara ɗumi a hankali tun daga farko, ruwa na wucewa kafin lokaci. Wasu injuna, kamar M47 da M57 na BMW, suna da ƙaramin tamostat na biyu a kan na'urar sanyaya hayaƙin EGR, kuma lalacewarsa tana ba da alama iri ɗaya.

Iskar da ta maƙale a zagayen tana biyo bayan yoyo ko canjin ruwan da ba a fitar da iska da kyau ba. Ana jin ƙarar ɓulɓulowar ruwa a bayan dashbod, hita tana yin zafi idan an taka totur, ta huce idan an saki.

Toshewar ƙaramin lagireto tana zuwa ne daga tsatsa, gasarar ruwan famfo, haɗa ruwan sanyaya iri biyu da ba sa jituwa, ko maganin toshe yoyo da ake zubawa a tanki. Hanyoyin cikinsa sirara ne ƙwarai. A wasu motoci gefe ɗaya na dashbod yakan hura ɗumi, ɗayan kuma sanyi. Idan kuwa hudewa ya yi, akan ji wani wari mai zaƙi-zaƙi, gilashi ya yi maiƙo daga ciki, kafet ɗin gaba ya jiƙe. A motocin da ke da bawul a kan tiyon hita, maƙalewar bawul ɗin tana kama da toshewa.

Famfon ruwa yana iya daina turawa ba tare da ya yi yoyo ba, musamman idan farfelarsa ta roba ta tsage ko ta saki sandarta. Alamarsa ita ce hita na sanyi yayin da inji ke zafi a hawan tudu ko da kaya. A motocin da siririn tiyo ke dawo da ruwa cikin tanki, rashin ganin ruwan yana tsartuwa idan an taka totur yana ƙarfafa zargin famfo.

Gasket ɗin kan silinda idan ya ƙone, iskar ƙuna tana shiga cikin ruwa. Matsin da ke cikin silindar dizal yana da girma, don haka tiyo kan yi tauri jim kaɗan bayan tada inji, kumfa na tasowa a tanki, ruwa na ambaliya ta murfi. Ana tabbatarwa da wani ruwa shuɗi da ke sauya launi idan ya haɗu da iskar ƙuna. Kafin a yanke hukunci a kan gasket ana gwada na'urar sanyaya EGR, domin idan ta tsage ruwa yana bi ta salansa ya fita da farin hayaƙi ba tare da ɗigo a ƙasa ba.

A ɓangaren iska, ƙaramin motan da ke juya ƙyauren gaurayawa yakan lalace, wani lokaci da ƙarar ƙas-ƙas a dashbod. Matatar iskar cikin mota idan ta cushe, iskar tana da zafi amma ba ta da ƙarfi.

Gyara da kiyayewa

Ana canza tamostat da famfon da suka lalace. A injunan da bel ɗin taimin ke juya famfo, akan canza su tare. Ƙaramin lagireton da ya toshe ana wanke shi ta hanyar tura ruwa ta baya da matsi kaɗan, kuma idan bai buɗe ba sai an canza shi, aikin da a motoci da yawa ke buƙatar kwance dashbod. Bayan kowane gyara ana cika ruwan da kamfani ya ƙayyade, a fitar da iska. Haɗin rabi ruwa rabi etilin gilaikol ba ya daskarewa sai kusan digiri 37 ƙasa da sifili, yana kuma ɗauke da sinadaran hana tsatsa.

Ba a buɗe murfin tanki idan inji na da zafi, domin ruwan kan yi tsartuwa ya ƙona mutum. Etilin gilaikol guba ce mai ɗanɗanon zaƙi, don haka ana nisanta ta daga yara da dabbobi. Idan hita ta huce kwatsam a kan hanya kuma allura na hawa, abin da ya dace shi ne a tsaya a kashe inji.

A ƙasashe masu zafi

A Najeriya da maƙwabtanta, inda ake shigo da motocin hannu daga Turai da Amurka, wasu makanikai sukan cire tamostat da tunanin cewa na ƙasashen sanyi ne, wasu masu mota kuma suna zuba ruwan famfo zalla. Injin da ba shi da tamostat yakan yi aiki ƙasa da zafinsa, ya ƙara shan mai da tara baƙin hayaƙi, kuma matatar hayaƙi ta DPF ba ta samun zafin da za ta ƙone abin da ta tara. Da yake ba a cika kunna hita ba, toshewarta kan ɓoye har sai hunturu ya kama, ko damina ta sa gilashi ya yi raɓa.