ALKAKI, NAKIYA KO KEK: WANNE NE ZAI JIRA RANAR BIKI?

Babu wata uwar amarya da ke samun isasshen barci a makon biki. Ga baƙi sun fara sauka, ga tela bai gama ɗinki ba, ga masu jere suna neman mota. Don haka ne tun zamanin kakanni matan Hausawa suka ware wani sashe na aikin biki wanda akan gama tun da sauran lokaci a ajiye, watau kayan zaƙi irin su alkaki da nakiya da dubulan da cincin. A da, cikin gara ake kai su gidan ango, amma yanzu sun fito fili, ana jera su a wurin liyafa, ko kuma a ƙulla wa baƙi su tafi da su gida.

To, ga Hausawan da ke zaune a Kudu, kamar mutanen Agege da Idi-Araba a Ikko, ko na Sabo a Ibadan, zaɓen abin da za a yi ba ƙaramar magana ba ce. Abin da ya yi wata guda lafiya lau a ɗakin tsohuwa a Kano, yana iya yin laushi ko fumfuna cikin 'yan kwanaki a bakin teku. Kuma kowa ya san idan aka buɗe kwalla a gaban dangin miji aka tarar kayan sun lalace, ba asarar kuɗi kaɗai aka yi ba. An bar wa yarinya abin gori ke nan, wanda za ta daɗe tana ji a bakin facaloli.

Dalilin wannan bambanci kuwa shi ne ruwa. Ƙwayoyin da ke ɓata abinci ba su yaɗuwa sai da danshi. Suya tana korar ruwan da ke cikin ƙulli, sukari da zuma kuma suna kama ɗan abin da ya rage su hana ƙwayoyin nan amfani da shi. Sai dai wannan hali na sukari shi ne kuma aibinsa, domin kamar yadda yake kama ruwan ciki, haka yake jawo laimar da ke cikin iska. A lokacin hunturu a Arewa iska busasshiya ce, ba ta da abin ba shi. A Ikko kuwa, musamman a watannin Yuni da Yuli da ruwan sama ya fi tsanani, ko gishirin da ke cikin kwano jiƙewa yake yi.

Idan ana maganar jure ajiya, babu na biyun nakiya. Akan wanke shinkafar tuwo, a daka ta ta zama gari, a soya garin sama-sama har danshinsa ya tafi, sannan a haɗa da dafaffen sukari ko zuma, da man shanu, da kayan ƙamshi irin su citta da kanumfari da masoro, a kirɓa a turmi har ta kama jikinta. Nakiyar da aka yi da kyau takan yi watanni, kuma da yake ba garas-garas ake nema a wurinta ba, laimar Kudu ba ta cika yi mata illa ba. Sharaɗi ɗaya ne, lalle a soya man shanun sosai har ruwan da ke cikinsa ya ƙone, domin ɗanyen man shanu shi ne ke fara wari. Amma fa nakiya tana da nauyi, kuma ba kowane baƙo ne ya saba da ita ba. A liyafar da rabin mahalartanta Yarabawa ne da Ibo, abokan aikin ango, ya fi kyau a yi ta ƙanana-ƙanana, kada a mai da ita ginshiƙin tebur. Wani abin lura kuma shi ne, idan da zuma aka yi, kada a lasa wa jaririn da bai cika shekara 1 ba, domin likitoci sun hana ba irin waɗannan yara zuma.

Alkaki shi ne sarkin gara, shi ne kuma ya fi wahalar da mai yi. Akan ɓarza alkama, a murje ta da mai, a kwaɓa da ruwan tsami a bar ta ta kwana, sannan a sa ɗan ruwan kanwa, a murza, a naɗe, a soya. Nan ne gwanaye ke bambanta da 'yan koyo. Alkaki ba ya son wuta mai ƙarfi, domin idan aka yi masa gaggawa sai bayansa ya yi ja alhali cikinsa ɗanye ne, kuma wannan ɗanyen ciki shi ne mafarin fumfuna. Haka nan ruwan sukarin da za a tsoma shi dole ya dahu har ya yi danƙo, a matsa masa lemun tsami ko a sa ruwan tsamiya. Tsamin nan ba don ɗanɗano kawai ake sa shi ba, shi ne ke hana sukarin komawa ya daskare ya yi fari a jikin alkakin. Wanda aka yi bisa wannan ƙa'ida, aka bari ya huce sarai kafin a rufe, zai kai makonni. A ganin masu sanin abin, in dai abu ɗaya tak za a zaɓa, to, a zaɓi alkaki, domin ya haɗa kwarjini a ido da jimiri a ajiya.

Dubulan kuwa ɗan gata ne. Ya fi sauran kyan gani, amma siriri ne, duk armashinsa yana ga garas-garas ɗin nan, shi ne kuma abin da laima ke fara ɗaukewa. Ga shi ba ya son tafiya. Tsakanin Kano da Ikko akwai kusan kilomita 1,000, kuma dubulan da ya sha gargadar wannan hanya a bayan mota, rabinsa gari ne zai iso. Mai son dubulan a Kudu, gara ta nemi wadda za ta yi mata shi a garin, ana saura kwana 2 ko 3. Cincin ba shi da wannan fitina, yana da sauƙin kuɗi, yara suna sonsa, sai dai ba ya fitar da uwar amarya kunya idan shi kaɗai ne.

Saura kek, wanda 'yan mata suka fi nacewa a kai. A gaskiya kek ɗin biki na Turawan Ingila, irin wanda ya yi tashe tun bikin Sarauniya Biktoriya a 1840, shi ma abin ajiya ne. Cike yake da busassun 'ya'yan itatuwa, an lulluɓe shi da sukari mai tauri, har al'adarsu ce su ajiye hawan sama sai ranar bikin ɗan fari. Amma wanda ake yayi a yau, mai taushi da aka shafe da kirim na madara, wani abu ne dabam, rayuwarsa duk a hannun firji take. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a riƙa ajiye abinci mai saurin lalacewa a sanyin da bai kai digiri 5 ba, kuma kada dafaffen abinci ya wuce awa 2 a waje. An sauya wa NEPA suna tun 2005, an sayar da kamfanonin rarraba wuta a 2013, amma har gobe babu mai iya rantsuwa cewa firjinsa zai kwana da wuta. Alkakin da ya yi laushi kunya kawai zai jawo. Kirim ɗin da ya yini a zafi kuwa yana iya kwantar da baƙi da gudawa da amai. Wadda ta ce sai ta yanka kek, a yi mata ƙarami don hoto, a kawo shi ranar, a bar sauran jama'a da abin da ba ya bukatar lantarki.

Sau da yawa ba a wurin suya ake yin ɓarna ba, a wurin ajiya ne. Akwai masu ƙulle kaya a leda tun suna da ɗumi don a rage aiki, sai tururi ya koma ruwa a ciki. Akwai masu haɗa dubulan da alkaki a mazubi ɗaya, sai danshin wannan ya kashe wancan. Kowane iri da nasa bokiti mai murfin da ke kamawa, busasshe, a ɗora shi a kan wani abu nesa da ƙasa saboda tururuwa. Sannan a damƙa mabuɗin ɗakin ga mutum ɗaya, gwaggo ko inna wadda yara ke shakka. Ana saura kwana 3 ta buɗe, ta ɗauko ɗaya daga can ƙasan bokitin, ta karya ta sansana. In akwai gyara, a lokacin akwai sauran damar hura wuta.