Abincin Gargajiya a Matsayin Tushen Kalsiyam ga Baƙin Indocina a Amurka

A wannan takarda za mu duba wata matsala da ta fuskanci masana abinci bayan shekarar 1975, lokacin da 'yan gudun hijira daga Biyetnam da Lawos da Kambodiya suka fara kwarara zuwa Amurka. Matsalar ita ce ta kalsiyam, wato sinadarin da ke gina ƙashi da haƙori. Baligi yana bukatar kimanin miligiram 1,000 a kullum, kuma Ba'amurke ya saba samun yawancin nasa daga madara da cuku. Su kuwa waɗannan baƙi, akasarin manyansu madara tana ɓata musu ciki, domin hanjinsu ba ya narkar da sukarin da ke cikinta. Saboda haka duk ma'aikacin da ya auna abincinsu da ma'aunin madara sai ya ga giɓi.

A ganinmu ma'aunin ne ya gaza. Da farko, suna cin ƙananan kifi tare da ƙayarsu, a soye ko a bushe, sannan suna tsima kifi da gishiri har ya zama ɗanɗanon miya, kamar yadda muke yi da daddawa. Kambodiyawa suna kiransa prahok, mutanen Lawos kuma padaek. Akwai kuma awara: idan da gishirin kalsiyam aka daskarar da ita, sinadarin yana zama a cikinta.

Abin da ya fi jan hankalinmu shi ne dafa ƙashi cikin ruwan khal. Romon ƙashi zalla, komai daɗewarsa bisa wuta, kalsiyam ɗinsa kaɗan ne ƙwarai. Tsami ne ke narkar da ma'adinin ƙashi ya sake shi cikin ruwa. Wato uwar gida da ba ta taɓa jin sunan sinadarin ba ta riga ta san hanyar fito da shi.

Sai dai ba kowane tushe ne abin yabo ba. Tsofaffin da ke tauna ganyen betel da farar ƙasa suna haɗiyar kalsiyam, amma al'adar tana jawo sankarar baki. Tsimammen kifi kuma gishirinsa ya yi yawa ga mai hawan jini.

Hukuma ta yi jinkirin fahimta. Shirin WIC, mai tallafa wa mata masu ciki da yara, ya daɗe yana ba su madara da cuku. Sai a 2009 aka fara ba da awara a madadinsu.