Kwanan Zaune a Makon Jarrabawa

Wanda ya ratsa harabar Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru ko ta Bayero a Kano da tsakar dare ana gab da jarrabawa zai tarar da azuzuwa cike maƙil. Wani da fulas ɗin shayi, wani da goro a kunci, wata ta kifa kai a kan takardu barci ya sace ta. Ɗalibai na ɗaukar wannan kwanan zaune a matsayin shaidar ƙwazo. Ni kuwa a ganina shi ne babban abin da ke mai da fargabar jarrabawa ciwo.

Ba laifinsu ba ne su kaɗai. Yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i (ASUU) na 2020 ya cinye daga Maris zuwa Disamba, na 2022 kuma daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba. Da aka koma, jami'o'i da dama suka matse zangon karatu don cike giɓi, malamai suka riƙa jibga lakca da gwaji a jere. A 2023 aka cire tallafin man fetur, jami'o'in tarayya da yawa suka ƙara kuɗin rajista. Ɗalibin da ke lissafin kuɗin mota da na abinci, ga tsoron keri-oba, wato maimaita darasin da ya faɗi, ga waya daga gida ana cewa "kai muke jira", dole zuciyarsa ta ƙi kwanciya.

Jiki yana da yadda yake amsa irin wannan matsi. Yakan saki sinadaran adiranalin da kotizol, bugun zuciya ya ƙaru, hankali ya tattaru wuri guda. Na ɗan lokaci wannan alheri ne, shi ke tashin malalaci ya buɗe littafi. Idan ya ɗore makonni sai ya koma ciwon kai, ƙin abinci, saurin fushi da mantuwa. Barci kuwa a cikinsa ƙwaƙwalwa ke jera abin da aka karanta da rana ta kai shi ma'aji mai ɗorewa, kuma baligi na buƙatar sa'a bakwai zuwa tara. Shi ya sa wanda ya kwana biyu idonsa biyu yake shiga zauren jarrabawa, ya ga tambayar da ya karanta jiya, kansa ya ɗauke ɗif. Kofi da goro ba sa biyan bashin barci. Kusan rabin sinadarin kafeyin da ke cikinsu yana nan a jini bayan sa'a biyar, don haka kofin bayan isha'i ke hana runtsawa har tsakar dare.

Tun 1885 wani masani ɗan Jamus, Hermann Ebbinghaus, ya nuna cewa sabon abin da aka haddace yana zubewa da sauri a sa'o'in farko, kuma bita a rarrabe cikin kwanaki ta fi ta zama guda kama zuciya. A 2006 Henry Roediger da Jeffrey Karpicke a Amurka suka gwada ɗalibai, suka ga waɗanda suka rufe takarda suka yi ƙoƙarin tuno abin da ke ciki sun fi masu maimaita karantawa riƙe shi bayan mako guda. Mu da muka san makarantar allo bai kamata wannan ya zame mana baƙo ba: ba a wanke allo sai an biya da ka a gaban malam, kuma gardi ba ya barin tilawa ta taru masa. Ɗalibin da ya ware sa'a biyu kullum tun farkon zango, yana amsa tsofaffin tambayoyi da littafi a rufe, yana biya wa abokai biyu ko uku abin da ya gane, ya rage wa kansa rabin fargaba.

Akwai inda dabarar karatu ba ta isa. Wasu sukan nemi sauƙi wajen tiramadol ko maganin tari mai kodin, wanda gwamnatin tarayya ta hana sarrafawa da shigowa da shi a 2018. Wasu kuma shiru suke yi. Idan ɗalibi ya yi mako biyu cikin ƙunci, ya janye daga mutane, ko ya fara cewa gara ya mutu ya huta, to maganar ta likita ce, kuma abokin ɗakinsa ne zai fara lura. A yi masa addu'a, a kuma raka shi asibitin makaranta ko ofishin ba da shawara. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa ta Kaduna, da Kware a Sakkwato, da Maiduguri.

Hukumomin jami'a ma da nasu kason. Makon bita da ake rubutawa a kalandar karatu a bar shi ya zama na bita, kada malami ya cusa lakcar da bai yi ba a cikinsa, kuma a daina jera wa ɗalibi manyan darussa biyu a yini ɗaya.