Hoton Yara Ran Salla a Unguwannin Masana'antun Kano

Kano ba ta da teku, saboda haka ba ta san irin fitar nan da mutanen Ikko kan yi zuwa bakin ruwa ran hutu ba. Amma tana da Salla biyu a shekara, kuma wanda duk ya tsaya bakin titi ran Salla da hantsi, ko a Dakata ko a Ja'en ko a Fanshekara, abu guda zai gani: yara jeri-jeri cikin sababbin tufafi, mata da lalle da kwalli, maza da hular da ta fi kansu girma, ga wani babba ya ɗaga waya yana ce musu su tsaya cik. Al'adar nan ba yau ta fara ba, kuma tushenta yana haɗe da masana'antun Bompai da Sharaɗa da Chalawa.

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya biyo bayansa. Bompai, da yake tana gab da layin dogo, nan aka fara kafa injunan matse man gyaɗa, sa'an nan masaƙu suka biyo, da ma'aikatun alewa da turare da kwanuka da takalma. Cikin shekarun 1970, sa'ad da kuɗin man fetur suka shigo ƙasa, aka yanka filin Sharaɗa, daga baya kuma na Chalawa, inda manyan majemun fatu suka taru. Mutanen da suka baro ƙauyuka don aikin kamfani suka cika Gwagwarwa da Tudun Wada da Kawaji da Dakata a gefen Bompai, wasu kuwa suka zauna Ja'en da Kumbotso da Fanshekara.

To, manomi sau ɗaya yake ganin kuɗi a shekara, watau da kaka. Ma'aikacin kamfani kuwa kowane ƙarshen wata yana da abin da zai ƙirga. Mai albashi shi ne ke iya ware wani abu don abin da ba a ci ba a sha, irin su rediyo da agogo da hoto. Ga shi kuma baƙo ne a birni, iyayensa suna can ƙauye, suna so su ga jikokin da aka haifa musu a Kano, gani kuwa ya kori ji. A 1975, da aka biya ƙarin albashin nan na Udoji, abin ya ƙara yawa, har ya zama Salla ba ta cika a gidan ma'aikaci sai an kai yara wurin mai hoto.

Yawancin masu hoton farko a Sabon Gari suke, mutanen Kudu ne, Yarabawa da Ibo, kafin 'yan gari su koyi sana'ar su buɗe shagunansu. Shagon ɗaki ɗaya ne, da labule a bango an zana masa bene ko jirgin sama, da kujera, da furen roba. A jera yara bisa ga tsawo, a ɗora ƙaramin a cinyar babbar, a hana su dariya, gama a wancan zamani ana ganin washe baki a hoto rashin kamun kai ne. Fim ɗaya hoto 36 yake ci in ya yi yawa, kuma ba a wanke shi sai ya cika, saboda haka sai a yi kwanaki ana zirga-zirga kafin a karɓa. In an karɓa, ɗaya a sa a albam, ɗaya a ba direban motar ƙauye ya kai wa kaka.

Ɗan kasuwar da ya ɗauko irin wannan tsohon hoto ya dube shi da idon ciniki, zai karanta tarihin da ba a rubuta a jikinsa ba. Sau da yawa yadin da ke jikin yaron a Kano ko Kaduna aka saƙa shi, takalmin robar ƙafarsa a Kano aka zuba shi, alewar da ke hannunsa haka, wataƙila ma ubansa yana cikin waɗanda suka yi ta. Daga 1986, da aka shigo da tsarin tsuke bakin aljihu, naira ta faɗi, kayan gyaran inji suka yi tsada, wutar lantarki ta ƙi zama, kayan waje masu araha suka cika kasuwa, sai masaƙu suka yi ta rufewa ɗaya bayan ɗaya, gine-gine da yawa suka koma sito. Masana'antu ba su ƙare ba, har yanzu ana aikin roba da fata da abinci, amma 'yan Kantin Kwari sun fi kowa sanin daga wace ƙasa yawancin kayan da ke jikin yaran hoton bana suka fito.

Wuraren da ake kai yara kuwa sanannu ne. Na farko kallon hawa: Hawan Salla, da Hawan Daushe da ake ƙarewa da jafi a Ƙofar Kudu, da Hawan Nasarawa wanda ke ratsa Sabon Gari, shi ne kuma ya fi kusa da mutanen Bompai, sa'an nan na Ɗorayi ko Fanisau. A watan Disamba na 2024 hukumar UNESCO ta sa hawan Kano cikin jerin al'adun gado na duniya, ko da yake a wannan shekara da kuma 2025 'yan sanda sun hana hawa saboda rikicin sarauta, yara suka rasa dawakin da za a ɗauke su a gabansu. Na biyu Gidan Zu, wanda aka kafa zamanin Gwamna Audu Bako, kuma ba shi da nisa da Sharaɗa. Masu mota kan wuce Bagauda ko madatsar Tiga da aka gama a 1974.

Wanda ba shi da kuɗin mota, bakin tekunsa shi ne yashin kogin Chalawa. Nan fa akwai abin lura. Ruwan da majemu da sauran masana'antu ke zubarwa ya daɗe yana gangarawa cikin wannan kogi, na Sharaɗa ta rafin Salanta, kamar yadda na Bompai ke bin rafin Getsi ya faɗa Jakara. Majemun zamani da sinadarin kuromiyam suke jima, masanan jami'o'i kuwa sun sha auna shi cikin waɗannan ruwaye. Ga kuma ramukan da masu ɗibar yashi ke bari, waɗanda ba a ganinsu in ruwa ya rufe. Hoto ba ya ɗaukar wari, ba ya nuna zurfi, sai ya fito fes, mai kallo ya yi sha'awar kai nasa yaran. Uban da ya ce wa ɗansa ya ƙara matsawa cikin ruwa don hoto ya yi kyau bai yi tunani ba.

Malamai ba su taɓa haɗuwa kan magana ɗaya game da hoto ba. Hadisan da suka tsoratar da masu yin sura, da wanda ya ambaci ƙin shigar mala'iku gidan da take, ingantattu ne, suna cikin Buhari da Muslim, ba mai jayayya a kansu. Saɓanin yana wajen wace irin sura ake nufi. Littattafan Malikiyya sun raba ta biyu. Akwai mai jiki wadda ke da inuwa, kamar gunki: wannan in ta mai rai ce kuma gaɓoɓinta sun cika, haram ce, sai 'yar tsanar wasan yara mata da aka yi rangwame a kanta saboda abin da aka ruwaito daga Nana A'isha. Akwai kuma wadda ke shafe a kan takarda ko tufa, wadda hukuncinta bai kai haramci ba. Mai Risala ya karhanta surori a jikin gado da bango da zobe, ya sassauta a kan zanen jikin tufa, tare da nuna barinsa ya fi.

Da akwatin ɗaukar hoto ya zo, sai tambaya ta sabunta. Shaihu Muhammadu Bahit al-Muɗi'i, wanda ya yi Muftin Masar, ya rasu a 1935, ya wallafa risala yana halatta shi, hujjarsa kuwa ita ce mai hoto bai ƙagi wata halitta ba, inuwa kawai ya tsare, kamar abin da mutum ke gani a madubi. Shaihu Abdul'aziz bin Baz na Sa'udiyya, wanda ya rasu a 1999, ya hana sai don larura, kamar fasfo da katin shaida. Kowane ɓangare yana da mabiya a Kano. Akwai shagon da za a shiga a tarar da hoton Shehu Ibrahim Inyas a sama da kan mai shi, maƙwabcinsa kuwa ko kalanda mai fuska ba ya ratayewa, kuma tare suke sahu ɗaya a masallaci. Abin da ba su saɓa a kansa ba shi ne suturta al'aura, da haramcin tozarta mutum, da cewa yaro amana ne a hannun waliyyinsa.

A watan Oktoba na 2019 wani abu ya faru wanda ya sa mutane da yawa suka sake duba maganar larura. Rundunar 'yan sandan Kano, wadda hedkwatarta ke Bompai, ta ba da sanarwar ta ceto yara 9 da aka sace aka sayar a Anacha ta Jihar Anambra. An ɗauke su ne daga unguwanni irin su Sauna da Kwanar Jaba da Kawo da Hotoro da 'Yankaba da Dakata, watau maƙwabtan Bompai. Wasu sun yi shekaru a can, an sauya musu suna da addini, har Hausa ta kuɓuce musu. Gwamnati ta kafa hukumar bincike a ƙarƙashin Mai Shari'a Wada Umar Rano, a 2021 kuma kotu ta yanke wa jagoran masu satar ɗaurin shekara 104. Wanda duk ya taɓa zuwa cigiyar yaro ya san abin da ake fara tambaya: ina hotonsa? Cewa baƙi ne, siriri, mai shekara huɗu, siffar yara dubbai ce a Kano. A gidaje da yawa na talakawa, hoton Salla shi kaɗai ne shaidar kamannin yaro.

Amma wuƙar da ke yanka nama ita ke yanka hannu. Tun da wayar salula ta shigo Nijeriya a 2001, daga baya kuma ta zo da ido a bayanta, hoto ya bar albam ɗin ƙarƙashin gado ya koma Facebook da WhatsApp da TikTok. Albam baƙon da aka yarda da shi ake miƙa wa, ya duba ya mayar. Wanda aka sa a intanet kuwa ba a san iyakar masu ganinsa ba, ba kuma a iya janye shi daga hannun wanda ya kwafa. Sau da yawa a hoto guda ana ganin ƙofar gida, da lambar mota, da tambarin makaranta a rigar yaro, a ƙasa kuma uban ya rubuta sunan yaron cikakke. Attajirin da ba zai taɓa faɗa wa baƙo a kasuwa inda ɗansa ke karatu ba, ga shi ya faɗa wa duniya da hannunsa. Har wa yau akwai manhajojin da ke ɗaukar fuskar mutum su ɗora a jikin da ba nasa ba, 'yan mata ne kuwa suka fi cutuwa da wannan. Kakanni da suke ɓoye jariri don tsoron kambun baka, da sun ga wannan zamani da sun riƙe baki.

Dokar kare bayanan mutane da aka sa wa hannu a 2023 ta wajabta wa makarantu da kamfanoni da ƙungiyoyi neman yardar uba ko waliyyi kafin su yi amfani da bayanan yaro, hoto kuwa yana ciki. Ba ta shiga abin da mutum ya ɗauka don amfanin gidansa ba. Wannan an bar wa mai gida da hankalinsa.

Saura yaron da ba a ɗinka wa kayan Salla ba, watau almajiri. Shi ma ana ɗaukarsa hoto ran Salla, amma ba don a aika wa kakarsa ba. Mai raba shinkafa ya tara su a ƙofar kamfani ko a bakin titi, kowa da robarsa a hannu, a ɗauka a watsa, wani don a yabe shi, wani don ya nemi kuɗi da fuskokinsu a ƙasashen waje. Ba wanda ya tambayi iyayensu, ba wanda ya tambayi malaminsu, alhali kuwa a hannunsa aka danƙa amanarsu, shi ke da ikon ya yarda ko ya ƙi. Yaron nan wata rana zai sauke Alƙur'ani, ya yi iyali, wataƙila ya yi limanci, hoton robar kuwa yana nan yana yawo.

Akwai dai hoton da tsangaya ke bukata. A 2020, lokacin annobar korona, gwamnatocin Arewa sun kwashe almajirai a motoci suna mayar da su jihohinsu, Kano tana cikin waɗanda suka yi haka, a ciki kuwa akwai ƙananan da ba su iya kwatanta hanyar garinsu. Malamin da ke da littafi mai ɗauke da hoton kowane almajiri, da sunansa da na ubansa da na garinsa da na dagacinsu, shi ke iya bin sawu in yaro ya ɓace. Ya kamata a wanke shi a takarda, gama waya tana faɗawa ruwa, masu ƙwace kuma ba su san akwai amana a cikinta ba. A rubuta shekara a bayansa, a ajiye cikin akwatin littattafai, a kuma sabunta shi kowace Babbar Salla, domin fuskar ɗan shekara bakwai ba ita ce fuskarsa ba in ya kai tara.