Yaron da ke ƙin makaranta ba lalle ne taurin kai ba

Tun 1999, lokacin da Shugaba Obasanjo ya ƙaddamar da shirin ilimin bai-ɗaya na UBE a Sakkwato, ake ta kiran iyaye su kai yara boko. Dokar 2004 ta wajabta shekara 9 na firamare da ƙaramar sakandare. Uban da ya ƙi, karon farko a ja masa kunne, karo na biyu tarar naira 2,000 ko ɗaurin wata guda.

Dokar ta yi daidai. Sai dai akwai yaran da ba iyaye ne suka hana su ba, su ne ba sa iya zaman aji. A Birnin Kebbi ko Argungu za ka ga yaro da an buga ƙararrawa ya toshe kunnuwansa, ya durƙushe yana ihu. Ba ya kallon idon malam, a kira sunansa ba ya waiwayowa, alhali yana ji sarai. Nan take a ce shagwaɓa ce, ko aljanu, sai bulala da hayaƙi. Sau da yawa galahanga ce, wadda likitoci ke kira otizim. Da ita ake haihuwar yaro, tana shafar magana da mu'amala, kuma hayaniyar da ba ta damun sauran yara shi azaba ce gare shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa ƙiyasta cewa kusan yaro 1 cikin 100 na da ita. Duka ba ya warkar da ita, tsoron makaranta yake ƙara masa.

Barinsa a gida ma da haɗari. Irin waɗannan yara sukan sulale su fita ba wanda ya sani, da yawansu kuma ruwa na jan hankalinsu. Ga mu a bakin gulbi, ga fadamun shinkafa cike da ruwa da damina.

A fara da kai shi ga likitan yara a Asibitin Sir Yahaya ko Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Birnin Kebbi. In da buƙata, a tura shi asibitin ƙwaƙwalwa na Kware. Sannan uba ko uwa su zauna da hedimasta. A bar yaron ya fara da awa ɗaya ko biyu, a ƙara a hankali. A ba shi wurin zama guda kusa da ƙofa, kada a riƙa sauya masa. In taron safe ya fi ƙarfinsa, ya shigo bayan an watse.

Wannan ba alfarma ba ce. Dokar hana nuna wa masu buƙata ta musamman wariya, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba shi haƙƙin ilimi. In makaranta ta ce ba ta karɓarsa, ku kai kuka ga sakataren ilimi na ƙaramar hukuma, in bai share muku hawaye ba ku wuce hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, SUBEB.