Matsalar Fassara Kalmomin Daidaiton Awo

Ingilishin kimiyya yana rarrabe "accuracy", wato kusantar ainihin awo, da "precision", wato maimaituwar sakamako iri ɗaya. Harshen ƙasar Folan ma yana da "dokładność" da "precyzja", ta biyun kuwa tushenta Latin ne. Hausa takan haɗa ma'anonin biyu cikin "daidai". Alal misali, mudun mai hatsi a Daɗin Kowa ta Jos, in an bubbuge gindinsa, kullum awo ɗaya zai bayar, amma tauyayye. Awonsa ba ya saɓawa, sai dai bai cika cif ba. Don haka mai fassarar da ya sa "daidai" a gurabun biyu ya ɓatar da ɗalibi. Shawararmu ita ce a kira ta farko "cikar awo", ta biyu "tsayuwar awo".