ABIN DA WANI SAURAYINMU YA GANI A RUWANDA

Wani saurayi daga ɗaya cikin ƙungiyoyinmu na manoma ya je taron matasan ekklesiya a Kigali, babban birnin Ruwanda. Da aka tashi taro sai ya shiga bas a tashar Nyabugogo zuwa Musanze, can arewa, tafiyar awa biyu da 'yan kai. Mun zauna da shi, mun ji labarinsa, muka ga ya kamata 'yan'uwa manoma su ji.

Ya ce tun da bas ta fita gari take hawa, ta karkata hagu, ta karkata dama, har kansa ya soma juyawa. In an gama da wannan tudu sai wani ya fito, shi ya sa ake ce mata ƙasar tuddai dubu. Ko'ina kore shar. A ƙasan kwari akwai ganyen shayi shimfiɗe kamar tabarma, a sama kuma ayaba da wake mai hawa sanda. Kusa da Musanze sai ga manyan duwatsu masu aman wuta, gajimare ya rufe kansu. Mafi tsawonsu, Karisimbi, ya kai mita 4,507. A dajin wurin ne baƙi ke zuwa kallon goggon biri, a gindinsu kuwa ake noman dankalin turawa, kamar yadda ake yi a Bokkos da Mangu.

Amma saurayinmu ɗan manomi ne, don haka idonsa ya fi tsayawa a kan gonaki. Ya ce da wuya ka ga saura, ko a wurin da akuya za ta yi shakkar hawa. Dalili kuwa a fili yake. Faɗin ƙasar murabba'in kilomita 26,338 ne, Jihar Taraba ta ninka ta biyu, ga shi ƙidayar 2022 ta sami mutum fiye da miliyan 13. Yawancin iyalai gonarsu ba ta kai hekta ɗaya ba. Wanda yake da ɗan wannan fili, in ruwa ya kwashe masa ƙasa, ina zai koma?

Saboda haka suke yanka tudu hawa-hawa kamar matakala. Aikin ba wasa ba ne. Da fari sai a kwashe baƙar ƙasar sama a tara ta gefe. Sa'an nan a sare tudun a daidaita shi, a ɗan karkatar da shi zuwa ciki domin ruwa ya tsaya ya nutse. A mayar da baƙar ƙasar, a zuba taki. A bakin kowane hawa a dasa doguwar ciyawa, saiwarta ta riƙe ƙasa, ganyenta a yanka wa saniya a turke, kashin saniyar kuma ya komo gona. Tun 2006 gwamnati ke ba matalauta saniya ɗaya ɗaya a shirin da suke kira Girinka, in ta haifi mace sai a ba maƙwabci. Mutum ɗaya ba ya iya irin wannan aiki. Suna da gayya ta ƙasa duka, Umuganda, ran Asabar ta ƙarshen kowane wata.

Kada mu ɗauka kome lafiya lau ne. Ƙasar ta sha baƙin cikin kisan ƙare dangi da aka yi wa Tutsi a 1994. A watan Mayu na 2023 ambaliya da zaftarewar ƙasa sun kashe mutum fiye da 130 a yamma da arewa. Akwai kuma manoman da ke gunaguni domin hukuma na faɗa musu abin da za su shuka. Wannan kam ba ma sha'awarsa.

Matakalar gona ba baƙuwa ba ce gare mu. Kakanni a Sukur da duwatsun Gwoza da dutse suka gina tasu. Mu ne muka sake, har muna jan kunya daga sama zuwa gangare, kowace damina kwazazzabo na ƙara cin gona.

Ƙungiyar su saurayin ta yanke shawara za ta gwada a gonar ekklesiya kafin ruwan fari: kunya a gicciye, jerin duwatsu, da ciyawa a bayansu. Duk ƙungiyar da take so ta aiko da wakili, sai ta gaya wa malamin gona na gundumarta.